Yadda Ake Rainon Kaktus Mai Ƙayar Zinariya, Daga Ƙwayar Iri Har Ya Cika Tukunya

Idan ka taɓa ratsawa ta wajen masu sayar da furanni a bakin titi a Abuja ko Kaduna, ƙila idonka ya faɗa kan wani tsiro mai kama da ƙwarya a kife, kore shar, jikinsa duk layi-layin ƙaya rawaya. Shi ne kaktus ɗin da masana tsirrai suke kira Echinocactus grusonii. A ƙasarsa ta asali, Meziko, ana yi masa ba'a da sunan "kujerar suruka". Ya cika lambunan duniya, amma a dajin da ya fito ya kusa ƙarewa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Kada a haɗa shi da ƙyarana ko tinya ko aguwa. Waɗancan namu ne na Afirka, kuma in ka soke su farar madara mai dafi ce take fitowa. Wannan ba shi da madara, kuma rainonsu ya bambanta.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Ga mai son farawa daga iri:
- Ƙwayar iri, 30 zuwa 50, daga hannun masu lambun da suke samar da ita daga nasu tsirran.
- Ƙananan robobi masu zurfin santimita 6 zuwa 8, a huda gindinsu. Robar abincin da ake ƙunshewa a tafi da ita ta wadatar.
- Farar leda mai nuna ciki, sabuwa, wadda roba za ta shiga a ɗaure bakinta.
- Ruwan wanke ciwo na hydrogen peroxide mai kashi 3 cikin 100, ana samu a kemis.
- Rariya biyu, mai manyan ido da mai ƙanana, da tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita.

Ga babban tsiro:
- Tukunyar ƙasa ko kasko wanda ba a shafa masa fenti ba, mai huda a gindi da babban yatsa zai shiga.
- Tsakuwa 'yar ƙanana, milimita 3 zuwa 6, da jan bulo ko sakainar tukunya da aka daddaka, da gawayi, da ƙasar lambu.
- Kwali ko tsohuwar jarida, safar hannu ta fata, matsefata, tsinken tsire, burushin fenti busasshe, wuƙa mai kaifi, sifirit, da garin farar wuta.

MATAKI NA 1: SAN INDA YA FITO

Duk abin da zai biyo baya daga nan ya samo tushe. Gidan wannan kaktus shi ne kwarin kogin Moktezuma, a kan iyakar jihohin Keretaro da Hidalgo a tsakiyar Meziko, wajen mita 1,400 sama da teku. Ba cikin rairayi yake fitowa ba kamar yadda mutane suke zaton duk wani tsiron hamada. A jikin gangaren duwatsu yake maƙalewa, saiwarsa tana bin tsagar dutse, wani lokaci ma a karkace yake zaune. Ruwan sama yana sauka can ne a watannin da muke damina a nan, amma bai kai namu yawa ba, kuma da ya sauka gangara take kwashe shi. Lokacin sanyi kuwa a bushe yake wucewa.

A shekarun 1990 aka gina madatsar ruwa ta Zimapan a wannan kwari, ruwa ya shanye babban ɓangare na wurin da yake tsirowa. Kafin nan ma masu haƙowa su sayar sun riga sun yi masa illa, domin tun ƙarni na 19 Turawa suke sonsa. A 1886 aka raɗa masa sunan Hermann Gruson, wani mai masana'antu a Jamus da ya shahara da tara irin waɗannan tsirrai. Daga baya an gano wani rukuninsa a jihar Zakatekas, sai dai hakan bai fitar da shi daga haɗari ba. Cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, kuma fitar da ko ƙwayar iri daga Meziko sai da takarda. Saboda haka ka sayi wanda aka raina a lambu. Shi ne ma ya fi kyan siffa, ya fi saurin kamawa.

Abin da za ka kwaikwaya guda uku ne: ƙasar da ruwa ba ya kwana a cikinta, rana mai yawa, da watanni na fari a kowace shekara.

MATAKI NA 2: HAƊA ƘASA

Nan ne yawancin mutane suke kashe shi tun kafin su shuka. Auna da gwangwani ɗaya, kowane iri ne:

Gwangwani 2 na ƙananan tsakuwa, gwangwani 1 na dakakken jan bulo, gwangwani 1 na ƙasar lambu da aka tankaɗe, da rabin gwangwani na gawayi da aka farfasa kamar girman wake.

Tankaɗe bulon da gawayin da rariya mai ƙananan ido, ka zubar da garin, ka riƙe tsakin. Garin nan shi yake toshe ƙofofin iska. Tsakuwar kuma a wanke ta har ruwan ya fito garau.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba rairayi mai laushi da tunanin ai ɗan hamada ne. Rairayi in ya haɗu da ƙasa ya sha ruwa sai ya daskare kamar siminti, sama ta bushe, ƙasa tana jiƙe har mako biyu. Idan babu tsakuwa, nemi yashin kogi mai kauri, ka tankaɗe, ka ɗauki abin da ya tsaya a kan rariya kawai. Idan babu jan bulo, fasassun tukwane sun fi shi ma. Kashin kaji, ɗanyen kashin shanu da ƙasar bola kada su kusanci wannan haɗi.

Gwaji: cika tukunya da haɗin, ka kwarara ruwa kofi biyu. In ruwan ya tsaya a sama ya wuce daƙiƙa 10, ƙara tsakuwa. Ka kuma dunƙula jiƙaƙƙen haɗin a tafin hannu. In ka buɗe hannu ya kamata ya wargaje da kansa.

MATAKI NA 3: SHUKA IRI

Ƙwayar tana tsirowa da kyau ne a zafin digiri 22 zuwa 30. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar wannan na nufin daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, a cikin ɗaki mai haske ko baranda. Afrilu da Mayu zafi ya yi yawa, leda za ta dafa su. Cikin hunturu kuma sanyin dare yana sa su yi ta jinkiri.

a) Ɗauki haɗin mataki na 2, ka sake tankaɗewa da rariya mai manyan ido don a sami mai ɗan laushi. Yayyafa masa ruwa ya yi danshi, zuba a tsohuwar tukunya, rufe, ɗora a wuta kaɗan-kaɗan minti 30. Tururin zai kashe ƙwayoyin ruɓa da ƙwan ƙwari. Bar shi a rufe ya huce sarai.

b) Wanke robobin da ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, ka ɗauraye. Cika su, ka bar santimita 1 a sama.

c) Tsoma gindin robar cikin tafasasshen ruwan da ya huce har danshi ya hau sama, sannan ka ɗaga ta ta tsane na awa ɗaya.

d) Jiƙa ƙwayoyin cikin ruwan wanke ciwon nan minti 10. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar riɗi ba, don haka da bakin tsinke mai danshi za ka riƙa ɗaukarsu kana ajiyewa, tazarar santimita 1 tsakaninsu.

e) Kada ka binne. Danna su kaɗan su manne da ƙasa, ka barbaɗa yashi mai kauri sama-sama yadda har yanzu kana hango wasu. Suna buƙatar haske kafin su farka.

f) Saka robar cikin leda, ɗaure baki, rubuta kwanan wata. Ajiye inda haske yake da yawa amma rana ba ta taɓawa kai tsaye. Rabin awa na ranar tsaka a kan rufaffiyar leda ya isa ya gama da su duka.

Daga kwana 7 zuwa 21 za ka fara ganin wasu 'yan dunƙulallun abubuwa kore kamar kan allura. Bayan wasu makonni sai 'yan gashin ƙaya masu laushi su leƙo a tsakiya. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin buɗe leda. Kada ka buɗe. Muddin akwai raɓa a jikin ledar, suna da ruwan da ya ishe su wata biyu zuwa uku. Dalili ɗaya ne zai sa a buɗe da wuri: in ka ga farin zare kamar yanar gizo a kan ƙasa, ko wani ɗan tsiro ya narke ya zama ruwa-ruwa. Cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi da bakin cokali, ɗiga ruwan wanke ciwon a gurbin, ka bar ledar a buɗe yini guda.

Launinsu shi zai gaya maka halin da suke ciki. Kore mai duhu, lafiya lau. In sun koma ja ko ruwan ƙasa, haske ya yi yawa, kuma girmansu zai tsaya. Matsar da su baya. In sun yi fari-fari suna miƙewa kamar tsinke, haske ya yi kaɗan.

MATAKI NA 4: FITAR DA SU DAGA LEDA

Bayan wata uku, yaye su a hankali. Makon farko huda ledar wuri uku ko huɗu. Mako na biyu kwance bakin. Mako na uku cire ta. Wanda ya zare leda rana ɗaya, musamman in iskar hunturu ta fara kaɗawa, zai wayi gari ya tarar sun yamutse.

A shekarar farko ba a yi musu horon ƙishi irin na manya. Da saman ƙasa ya bushe, a ba su ruwa ta gindi, a tsoma robar minti biyar a cire. Idan sun kai girman 'ya'yan magarya, ko sun fara gogar juna, galibi bayan shekara ɗaya, sai a raba su, kowanne a 'yar tukunya mai faɗin santimita 5 zuwa 6.

Kada ka yi zaton an sayar maka da irin bogi don ka ga yaran ba su da layi-layin nan. Suna farawa ne da ƙuraje-ƙuraje a jiki, sai sun yi 'yan shekaru ƙurajen suke haɗewa su zama haƙarƙari. Girman lemun zaƙi yana ɗaukar shekara huɗu zuwa biyar.

MATAKI NA 5: IDAN BABBA KA SAYO

Wanda ba shi da haƙurin iri sai ya sayi tsayayye. Duba gindinsa daidai inda ya haɗu da ƙasa, ka danna da gindin biro. Tauri ya kamata ka ji. Laushi, baƙin tabo ko wari alamar ruɓa ce, ka bar musu kayansu. Ka lura da wayon 'yan kasuwa kuma: busasshen fure da aka manna da gam a kan ƙaramin tsiro, ko ƙayar da aka fesa wa fenti ja ko shuɗi. Ƙaramin wannan kaktus ba ya fure, kuma ƙayarsa rawaya ce, sai wani nau'i mai fara.

Ƙasar da masu lambu suke sayar da shi a ciki yawanci baƙa ce mai riƙe ruwa. Sauya ta:

a) Bar tsohuwar ƙasar ta bushe ƙayau.
b) Ninka jarida ko kwali ya zama ɗamara mai kauri, ka zagaye tsiron da ita, ka kama bakin ɗamarar. Safar hannu kaɗai ba ta hana ƙayar nan shiga. Kwantar da tukunyar, ka bubbuga, ka zaro.
c) Kakkaɓe ƙasar duka da tsinke. Yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta zama fanko. In ka ga farin abu kamar gari a jikin saiwa, ƙwari ne. Wanke da ruwan sabulu, ka ɗauraye.
d) Ajiye shi a inuwa mai iska, saiwa a waje, kwana 5 zuwa 7. Ba abin da zai same shi. Raunukan saiwa ne suke warkewa.
e) Zaɓi tukunyar da ta fi jikinsa faɗi da santimita 2 zuwa 3 kawai ta kowane gefe. Saiwarsa a baje take tafiya ba zurfi ba, shi ya sa kasko ya fi doguwar tukunya. Babbar tukunya ga ƙaramin tsiro tafki ce. Baƙar roba kuma tana ɗaukar zafi a bazara har ta ƙona saiwar da ke jikinta.
f) Ɗora sakaina a kan hudar, zuba busasshen haɗi, zaunar da shi daidai zurfin da yake a da. Zagaye wuyansa da zallar tsakuwa kaurin santimita 2, yadda jikinsa ba zai taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ba.
g) Kada ka ba shi ruwa sai bayan kwana 10. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba da dashe, inda ake dasawa a kwarara ruwa nan take. A nan yin hakan shi ne buɗe wa ruɓa ƙofa.

MATAKI NA 6: RANA

Babba yana son rana awa 5 zuwa 6, kuma ita ce take sa ƙayar ta yi kauri ta yi ruwan zinariya. Amma wanda ya fito daga inuwar mai lambu sai an saba masa: makon farko ranar safe awa ɗaya, a riƙa ƙarawa har mako uku. Ƙunar rana tana fitowa ne fari-fari ko rawaya a gefen da ke kallon yamma, daga baya ta zama tabo mai tauri, kuma ba ta gogewa har abada. Yi wa tukunya alama da alli a gefen gabas, duk sanda ka ɗaga ta ka mayar yadda take, don gefen da bai saba da rana ba kada ya fuskance ta kwatsam.

A wurare irin su Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram, daga Maris zuwa Mayu a ba shi inuwa daga azahar. Ka tuna ɗan kan tudu ne, inda dare yake yin sanyi. Zafin da ya haura digiri 40 ga siminti yana turiri a ƙarƙashinsa ba abin da ya sani ba ne. Ɗora tukunyar a kan bulo biyu. A cikin falo kuwa ba ya rayuwa mai kyau: kansa zai tsuke ya yi tsini, ya koma fari, kuma siffar ba ta dawowa.

MATAKI NA 7: RUWA

Ƙa'idar ita ce a ba shi da yawa, sannan a manta da shi. Zuba a kan tsakuwar gefe har ruwa ya fito ta gindi, kada a kan kansa, domin a tsakiyar kan akwai wani gashi mai kama da auduga, kuma audugar nan tana riƙe ruwa. Kafin ka sake ba shi, soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, bar shi minti biyar, ka zaro. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, ba yau ba.

Bazara: kusan kowane kwana 7 zuwa 10, da yamma bayan tukunya ta huce.
Damina: nan ne haɗarin yake. Ruwa ɗaya ko biyu na farkon damina alheri ne gare shi. Amma daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba, musamman marka ta Agusta, a mayar da shi ƙarƙashin rumfa inda haske yake shiga ruwa ba ya dukansa. Da hannu za ka ba shi, sau ɗaya a mako biyu ko uku. Kada ya zauna daidai inda indararo yake zuba.
Kaka: a riƙa ragewa.
Hunturu: sau ɗaya a wata, kaɗan, da hantsi. Babban tsiro ma yana iya wuce Disamba da Janairu ba ko ɗigo. Zai ɗan motse, wannan hutunsa ne. Ƙurar da ta taru a kansa a share da busasshen burushi.

Ruwan sama da aka tara ya fi kowanne. Ruwan rijiya ko burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a bakin tukunya. In shi kaɗai gare ka, sau biyu a shekara ka kwarara ruwan sama mai yawa ya wanke ƙasar.

Taki kaɗan yake so. Rubu'in ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a lita 4 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a ba shi sau ɗaya a farkon damina, sau ɗaya a ƙarshenta. Yuriya tana kumbura shi ya yi laushi, fatarsa ta tsage.

Mai son dasa shi a ƙasa ya tara tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40 da haɗin mataki na 2, ya jera duwatsu a gefe, ya zaunar da shi a ƙoli a ɗan karkace don ruwa ya zame daga kansa. Wannan yana yiwuwa a can arewa inda ruwa bai da yawa. Daga Kaduna da Jos zuwa kudu, tukunya ta fi, don a iya gudu da shi daga ruwan sama.

MATAKI NA 8: IN MATSALA TA TASO

Farin abu kamar auduga a tsakanin haƙarƙari: ƙwari ne masu tsotso. Naɗa auduga a tsinke, tsoma a sifirit, ka bi su ɗaya-ɗaya, da yamma, a maimaita bayan mako guda har sau uku. In ka ga tururuwa suna hawa da sauka, bi sawunsu, su ne suke kiwon ƙwarin.

Tsatsa-tsatsa a kusa da kai lokacin iska busasshiya: wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen ƙwari ne da ido bai cika gani ba. Wanke jikin da feshin ruwa da sassafe yadda zai bushe kafin rana ta take, ka barbaɗa farar wuta kaɗan, ka ajiye shi a inuwa kwana biyu.

Gindi ya yi ruwan ƙasa amma da tauri kamar ɓawon itace: tsufa ne, ba cuta ba.

Gindi ya yi laushi: ruɓa ce, kuma gudu take yi. Zaro shi yau. Goge wuƙa da sifirit, ka yanke gindin a kwance, kana sake goge wuƙar bayan kowane yanka, har ka isa tsoka fara tas. Duba zoben da za ka gani a tsakiyar wurin da ka yanka. In akwai ɗigon ja ko ruwan ƙasa a jikinsa, ci gaba da yanka. Shafa farar wuta, ajiye a inuwa mai iska mako 3 zuwa 4 har wurin ya yi ɓawo, sannan ka ɗora shi a kan busasshiyar tsakuwa. Saiwa tana iya ɗaukar wata biyu ko fiye, kuma ba kullum ake dacewa ba. In ɗigon ya kai har kusa da kai, jefar da shi da ƙasarsa, ka wanke tukunyar da bilic.

Ƙayar da ta karye a fata a cire ta da matsefata nan take, a wanke da sabulu. A gidan da ke da yara masu rarrafe, tukunyar ta hau kan katanga ko wani wuri mai tsayi.

MATAKI NA 9: FURE DA SABON IRI

Ana sauya tukunya duk shekara 2 zuwa 3, a ƙarshen hunturu. Fure kuwa sai mai dogon numfashi: yawanci sai ya kusa shekara 20, faɗinsa ya doshi santimita 40, kuma yana shan cikakkiyar rana. Furannin rawaya ne, suna fitowa a da'ira cikin audugar kai, suna buɗewa da rana. In kana da biyu da suka yi fure tare, ɗebi garin furen ɗaya da ƙaramin burushi ka shafa a tsakiyar na ɗayan. 'Ya'yan suna nuna ne a ɓoye cikin audugar. In ka ja da matsefata suka fito ba gardama, sun yi. Fasa, ka wanke ƙwayoyin a rariyar shayi, ka shanya a inuwa kwana uku, ka zuba a ambulan ɗin takarda, ka rubuta shekarar a bayansa, ka ajiye a wuri mai sanyi har Yuni.